Waiwaye: Yadda sakin kifi ya zama kisa a gaɓar yammacin Amurka

A watan Janairun 2000 gwamnatin Amurka ta ayyana cewa kamun kifin ƙasan teku a jihohin Kalifoniya da Oregon da Washington ya shiga halin bala'i. Wanda ya fi jin jiki shi ne kifin da suke kira rockfish, mazaunin duwatsun ƙarƙashin tekun Fasifik. Kifi ne mai jinkirin girma da tsawon rai. Akwai nau'in da aka samu ya haura shekara 200. Irin wannan idan aka kwashe manyansa, sai a yi shekaru da dama gurbinsu bai cike ba.

Hukuma ta fara da abin da ta saba. A 2001 aka killace wasu yankuna a kudancin Kalifoniya, a 2002 aka rufe wasu a tsawon gaɓar, aka kuma umarci masu kamun nishaɗi da su saki duk nau'in da aka hana.

To, a nan gizo ke saƙar. Kifin nan yana da jakar iska a cikinsa. Idan aka jawo shi daga zurfin mita 30, iskar takan kumbura ninki huɗu, idanu su firfito, tumbi ya leƙo ta baki. An sake shi, ya kasa nitsewa, sai ya yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsaye su yi kalaci da shi. Masunci ya bi doka, kifi kuma ya mutu. Wasu suka koma huda shi da allura don iskar ta fita, dabarar da kan jawo rauni da ruɓewar ciki.

Maganin bai taka kara ya karya ba: ƙugiya marar ƙaya ko ɗan matsi da ke kama leɓen kifin, da nauyin darma da zai mayar da shi ƙasa. Da ya isa zurfi iskar ta matse, tumbi ya koma, da yawansu su rayu. Abin mamaki, sai a 2017 Oregon ta wajabta ɗaukar wannan na'ura a jirgi, Alaska ta bi sahu a duk ruwanta na teku a 2020.

An bayyana farfaɗowar nau'o'in rockfish da aka kare: canary a 2015, bocaccio a 2017, cowcod a 2019, galibi albarkacin rufe wuraren kamu. Sai ga shi a ƙarshen 2023 an ayyana cewa nau'in quillback na Kalifoniya ya yi ƙaranci.