Tafkin Kainji da Al'ummomin da Ya Tayar

Tafkin Kainji babban tafki ne da ya samu bayan an datse kogin Neja a tsibirin Kainji, a ƙasar Borgu, wadda yau take cikin jihar Neja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, ya miƙe arewa har Yelwan Yawuri a jihar Kebbi, faɗin ƙasar da ya malale kuma ya kusa murabba'in kilomita 1,300. Babban dalilin gina shi wutar lantarki ne, sai kuma kamun kifi da sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa.

Ginin madatsar

Tun kafin samun 'yancin kai aka soma binciken wurin. An fara aikin a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ƙarƙashin hukumar madatsun kogin Neja, da rance daga Bankin Duniya da wasu ƙasashen Turai. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin. Juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa duk ba su tsayar da aikin ba. A 1968 aka toshe ƙofofi ruwa ya fara taruwa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe madatsar a 1969. An tanadi gurbin injuna 12, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760.

Mutanen da aka tayar

Kimanin mutum 44,000 ne suka bar matsugunansu, daga ƙauyuka da garuruwa fiye da 200 na masarautun Borgu da Yawuri da maƙwabtansu. Akwai Bussawa, da Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa masunta. Tsibirin Foge, mafi girma a wannan sashe na kogin, ya nutse. Haka ma tsohon garin Bussa, fadar Sarkin Borgu, wanda a gangaren ruwan da ke kusa da shi ne Baturen nan mai binciken kogin Neja, Mungo Park, ya halaka a 1806. A madadinsa aka gina Sabuwar Bussa a kan tudu, nesa da bakin ruwa.

Da farko kuɗin diyya aka riƙa ba mutane, kowa ya je ya yi wa kansa gini. Abin bai tafi daidai ba, don haka hukuma ta koma gina gidajen da kanta. Wani mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara su da bulon siminti da rufin asbestos mai lanƙwasa, yana ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya na yankin. Idan aka kwatanta da yadda aka yi wa mutanen wasu madatsun Afirka na wancan zamani, an yi ƙoƙari, kuma bai kamata a hana wa aikin wannan yabo ba. Sai dai ɗakin siminti ba ya ƙaruwa idan iyali sun ƙaru, kuma wanda ya saba gyara jinka da ciyawar bayan gida ba shi da yadda zai yi da rufin da ya tsage. Mutane da yawa sun ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen gidajen hukuma.

Asarar da ta fi nauyi ba ta gida ba ce. Kogin Neja a nan sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, sai baƙin ruwa da ke isowa daga can mafarin kogin a cikin rani. A kan wannan hawa da sauka rayuwar Gungawa ta ginu. Ruwa na janyewa, su bi shi da shukar albasa a ƙasar da ya bar wa taki, su kama kifi a mashigai, su noma gero da dawa a tudu. Da tafki ya haɗiye tsibiran, lambunan suka tafi tare da su. Ana iya ƙirga ɗakuna a biya, amma fadamar da kaka ya bar wa jika, da maƙabarta, da wuraren tsafi na gargajiya, babu jadawalin diyyar da ya iya ɗaukarsu. Daga baya wasu sun koma noman rani a filin da tafkin ke buɗewa idan ya ja baya kowace shekara.

Bayan cikar tafkin

Kifi ya yi yawa a shekarun farko, abin da ya jawo masunta daga nesa, sannan kamun ya ragu. Cutar makanta da wani ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa ta yi sauƙi inda tafki ya rufe ruwa mai gudu, tsargiya kuwa ta sami wurin zama a kwantaccen ruwa. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa, kuma a 1979 aka kafa gandun dajin Tafkin Kainji.

Mutanen ƙasan madatsar, musamman a ƙasar Nufe, ba a tayar da su ba, amma sun rasa cikar kogi da ke ciyar da fadamunsu, kuma suna fama da ambaliya duk lokacin da aka saki ruwa da yawa, kamar yadda ya faru a 1999. Koke-koken waɗannan yankuna, ciki har da na ƙauyukan da suka daɗe ba wuta alhali a ƙofarsu ake samar da ita, su suka kai ga dokar kafa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, a 2010, wadda sai bayan kusan shekara goma ta fara aiki, da hedikwata a Minna.