Roglaik: kalmar da ake liƙa wa duk gem ɗin da ya ba mutum wuya

Kwanan nan duk inda ka saurari hirar masu buga gem sai ka ji kalmar roglaik. Mai sharhi a YouTube zai ɗauko sabon wasa, ya mutu sau uku cikin minti goma, sai ya girgiza kai ya ce ai wannan roglaik ne. A Steam kuwa, kasuwar sayar da gem ta intanet, lakabin ya zama kamar kwalliya, kowa na shafawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na ji wani yana kiran wasan Dark Souls da wannan suna, kuma hujjarsa guda ɗaya ce, wai ana yawan mutuwa a ciki. In da yawan mutuwa ne ma'anar kalmar, da kusan duk wasannin shekarun 1980 sun cancanci sunan.

Kalmar haɗi ce ta abu biyu: Rogue, sunan wani tsohon wasan kwamfuta, da wata wutsiya ta Turanci mai nufin "mai kama da". Wato mai kama da Rogue, ko mu ce jinin Rogue. Masu buga irin waɗannan wasanni ne suka tsayar da sunan a muhawarorinsu na intanet wajen 1993, da suka rasa yadda za su kira dangin gaba ɗaya. Don haka wanda ke faɗin kalmar bai san Rogue ba, kamar mai rantsuwa ne cewa yaro ya ɗauko kamannin kakansa alhali bai taɓa ganin kakan ba.

To bari mu ga kakan. A 1980 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka fara rubuta Rogue a kan kwamfuta mai aiki da tsarin sarrafawa na Unix, daga baya Ken Arnold na reshen jami'ar da ke Berkeley ya sa hannu. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Kai ne alamar @, bangon ɗaki layuka ne, daɓen ɗige-ɗige, dodanni kuma manyan baƙaƙe daga A zuwa Z: B jemage, S maciji, in ko ka hango D, to dodon nan ne mai fesa wuta. Aikinka shi ne ka riƙa sauka cikin wani kurkukun ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, har ka kai na 26, ka ɗauko layar Yendor, sannan ka hauro da ita. Babu abin da ke motsi sai ka motsa. Kana iya tsayawa minti biyar kana tunani, macijin da ke gabanka zai jira.

Abin da ya sa suka gina shi haka ya fi ƙayatar da ni. Kafin nan sun sha rubuta wasannin labari irin na rubutu zalla, suka gano matsala ɗaya: wanda ya rubuta wasa ya riga ya san duk amsoshinsa, ba zai taɓa jin daɗin buga shi ba. Ko baƙo ma, da zarar ya warware ƙullin sau ɗaya, shi ke nan an gama. Su kuwa suna son wasan da zai ba su mamaki su da kansu. Sai suka miƙa wa kwamfuta alƙalamin zana taswira. Duk lokacin da ka fara sabon zagaye, ɗakuna da lunguna da tarkuna da kayan da ke zube a ƙasa sababbi ne.

Amma taswirar ba ita ce zuciyar abin ba, kwalaben magani ne. A Rogue za ka tsinci kwalba, wasan ya gaya maka launinta kawai, bai gaya maka aikinta ba. Mai yiwuwa ta warkar da kai, mai yiwuwa guba ce, mai yiwuwa ta makantar da kai na ɗan lokaci ko ta ruɗa maka tafiya. A cikin zagaye ɗaya duk kwalaben da suka yi launi ɗaya aikinsu ɗaya ne, amma da ka mutu ka sake farawa sai a cakuɗa launukan. Shuɗiyar da ta cece ka jiya tana iya zama ajalinka yau. Sabon shiga yakan haddace cewa shuɗiya magani ce, ya sha wuya. Wanda ya daɗe kuwa wani abu daban yake koya. Ya san ba a gwada baƙuwar kwalba ana tsakiyar faɗa, sai an share ɗaki an samu natsuwa. Ya san in ya tara uku masu launi ɗaya tun a hawan farko-farko, to da alama daga cikin nau'ukan da suka fi yawa ne, sai ya yi lissafi a kan haka. Ya san kuma ba zai zauna yana jan ƙafa ba, don yunwa tana cin jaruminsa, abincin da ke cikin kurkukun kuma ƙididdigagge ne, dole ya ci gaba da sauka ko ya shirya ko bai shirya ba. Duk wannan ilimi babu ko ɗaya da aka rubuta a jikin jarumin. A kan mai riƙe da madannai yake zaune.

Sai batun mutuwa, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. A Rogue in jaruminka ya mutu, ya mutu. Ana iya ajiye wasa a tashi a dawo, amma da ka buɗe ajiyar sai wasan ya goge ta, don kada ka riƙa komawa baya duk lokacin da ka yi kuskure. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin mugunta, ni kuwa ina ganin adalci ne ga kwalbar nan. In har za ka iya sha, ka ga guba ce, ka koma ajiya kamar ba a yi ba, to babu wata shawara da ka yanke, leƙen amsa kawai ka yi. Mutuwar da ba dawowa ita ce ke ba kowane taku nauyi, sabuwar taswira kuma ita ce ke hana farawa daga tushe zama azaba. Cire ɗaya, ɗayar ta lalace.

A nan ne Dark Souls, wanda FromSoftware ta fitar a 2011, ya fita daga dangin, duk da kyansa. Duniyarsa da hannu aka gina ta, kowane maƙiyi yana tsaye inda ka bar shi jiya, in ka mutu kuma ka farka a gindin wutar da ka huta a baya da makamanka a hannu. Ana koyo a cikinsa sosai, amma yawancin koyon hadda ce: bayan wannan kwana akwai mai kwari da baka, wancan ƙaton yakan kai sara uku sannan ya numfasa. Jinin Rogue ba ya barin ka da hadda, fahimta yake nema, domin tambayar da zai yi maka gobe ba ta taɓa fitowa ba. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu.

A 2008 wasu masu ƙera irin wasannin sun taru a Berlin suka jera sharuɗɗan da suke ganin da su za a auna kusancin wasa da sunan, ciki har da tafiya bi da bi da kuma fili mai gida-gida kamar allon dara na Turawa. Ina girmama ƙoƙarinsu, amma ban ɗauki waɗannan biyun da zafi ba. A 2008 ɗin ne ma Derek Yu ya fitar da Spelunky, wasan tsalle-tsalle da gudu wanda ya karya sharuɗɗan biyu, amma ya riƙe ruhin Rogue fiye da wasu da suka cika su. Kogo sabo kowane zagaye, bama-bamai da igiyoyi 'yan kaɗan, mai shago da zai bi ka da bindiga in ka yi masa sata, da fatalwar da ke fitowa in ka daɗe a mataki ɗaya, wadda aikin yunwar Rogue take yi. Wanda ya buga sau ɗari biyar da wanda ya fara yau, jarumi iri ɗaya ake ba su, mai makin lafiya huɗu.

Inda raina yake ɓaci shi ne wajen ƙanwar kalmar, roglait, wato roglaik mai sauƙi, wadda ta bazu bayan fitowar Rogue Legacy a 2013. A irin waɗannan, in ka mutu kana tsira da wani abu, zinariya ko maki, ka sayi ƙarin ƙarfi na dindindin. Tsarin ba laifi ba ne a karan kansa. Hades na Supergiant Games, wanda ya fito a 2020, ya yi amfani da shi da hikima: jarumin wasan, Zagreus, yana ƙoƙarin tserewa daga gidan ubansa a lahirar tatsuniyoyin Girka, duk mutuwa tana mayar da shi gida, a can kuma labarin yake ci gaba, mutanen gidan suna tuna abin da ya kashe shi suna yi masa magana a kai. Har lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, ya ci a 2021, wasan bidiyo na farko da ya samu. Matsalar ita ce ɗimbin masu kwaikwayo da suka ɗauki fatar suka bar naman. Sukan tsara wasan yadda ba zai ciwu ba a zagaye ashirin na farko komai ƙwarewarka, sai ka tara isasshen maki, sannan ƙofa ta buɗe ko da ba ka koyi komai ba. Na taɓa ba wa wani irin wannan kusan sa'o'i talatin, da na ci shi a ƙarshe sai na ji babu komai a raina, don na san lambobin jarumin ne suka girma, hannuna yana nan yadda yake. A tallarsa kuwa an rubuta cewa wasa ne da za ka maimaita ba iyaka. Maimaitawar da aka tilasta maka daban take da wadda ƙafarka ta kai ka da kanta.

Kwatanta da Slay the Spire na 2019, wasan da ake faɗa da tarin katunan da kake haɗawa. Bayan kowane faɗa ana nuna maka kati uku ka zaɓi ɗaya, kuma kana da damar ƙin ɗaukar ko ɗaya. Sabon shiga ba ya taɓa ƙi, gani yake kyauta ce. Sai bayan zagaye da yawa yake gane cewa kowane katin da bai dace ba yana tare wa mai amfani hanya a lokacin da ake buƙatarsa. Ranar da ka fara duban kati uku masu kyau ka wuce su da gangan, ranar ka san wasan ya canza ka. Balatro na 2024 ma a kan wannan turba yake, da katunan karta da katunan joka 150 waɗanda haɗuwarsu ke sauya lissafi kowane zagaye.

Cikin jikokin Rogue, NetHack da ya fito a 1987 shi ne ya yi abin da ya fi taɓa ni. Wani lokaci in jaruminka ya mutu, wasan yakan adana hawan da abin ya faru a ɓoye. Bayan kwanaki ko makonni, kana tafe da sabon jarumi, sai ka faɗo cikin wurin. Ga fatalwar wancan na farko ɗauke da sunan da ka raɗa masa, ga kayansa zube a ƙasa, yawancinsu sun zama la'anannu, ga kuma dodon da ya kashe shi yana nan yana yawo. Sai ka tsaya daga bakin ƙofa kana tuna kuskuren da ka yi a wancan karo, kana auna ko takobin da ke cikin tarin kayan ya kai a shiga dominsa.