Mene ne shafin man, kuma yaya ake rubuta shi?

Duk wanda ya fara koyon Linux, wato wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ko ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ko kuwa mai kula da kwamfutocin wani ofishi ne a Garwa, ba zai daɗe ba sai an ce masa ya duba shafin man (man gajartawar manual ce, wato littafin jagora). Abin da ake nufi shi ne rubutaccen bayanin da ke zuwa tare da manhaja a tsarin da ake ba kwamfuta umarni da rubutu, wato baƙin allon nan da babu hoto balle maɓallin dannawa. Idan mutum ya rubuta man ls, sai bayanin umarnin ls, mai jero fayilolin da ke cikin folda, ya fito masa gaba ɗaya: aikinsa, yadda ake rubuta shi, da zaɓuɓɓukan da yake karɓa. Bayanin yana ajiye ne a cikin kwamfutar kanta, saboda haka ba ya buƙatar intanet, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, inda layi ke yankewa kuma data ke cin kuɗi.

Tsarin ya samo asali ne daga Bell Labs a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da bugun farko na littafin jagorar Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, a watan Nuwamba 1971. A Linux na yau shafukan sun kasu kashi takwas. Kashi na 1 na umarnin da kowa ke amfani da su ne, na 2 da na 3 na masu rubuta manhaja ne, na 5 yana bayanin tsarin fayiloli, na 8 kuma na mai kula da na'ura ne. Amfanin wannan rabo yana bayyana idan suna ɗaya ya hau kan abu biyu: man passwd zai nuna umarnin sauya kalmar sirri, amma man 5 passwd zai nuna yadda aka tsara fayil ɗin da ke riƙe da sunayen masu amfani da na'urar.

Ga wanda ya rubuta manhajarsa kuma yake son ya haɗa mata shafi, abin da ya fi cancantar natsuwa shi ne layin farko, wanda ke ɗauke da sunan umarnin da bayanin aikinsa a jimla ɗaya. Daga wannan layi ne apropos da whatis, umarnai biyu na neman shafuka, suke samo abin da suke nunawa, don haka idan an rubuta shi da ganganci, mai neman abin da zai yi masa wani aiki ba zai taɓa cin karo da manhajar ba, komai kyanta. Daga nan sai fasalin umarnin, inda al'ada ta tanadi cewa abin da aka sa cikin baka mai kusurwa, wato [ ], ba dole ba ne, ɗigo uku kuma na nufin ana iya maimaitawa. Sai cikakken bayani, da zaɓuɓɓuka, da lambar da manhajar ke mayarwa idan ta gama ko ta gaza, da shafuka masu alaƙa. Tun zamanin farko akwai sashen da marubuci ke faɗin kurakuran da ya san manhajarsa na da su, kuma a ganina bai kamata a bar wannan ɗabi'a ta mutu ba.

Inda shafuka da yawa suka gaza shi ne wajen misali. An rubuta su ne don tunatar da wanda ya riga ya sani, shi ya sa sabon shiga zai karanta dogon shafin tar, umarnin tattara fayiloli cikin fayil ɗaya, har ƙarshe bai gane yadda zai naɗe folda ɗaya ba. Misalai uku ko huɗu na aikin yau da kullum, waɗanda aka gwada kafin a rubuta, sun fi sakin layi goma amfani.

A da, da harshen tsara rubutu na roff kaɗai ake rubuta shafin, kuma har yanzu shi ne groff da mandoc, manhajojin da ke tsara shafin don a nuna shi, suke karantawa. Yanzu ana iya rubutawa da Markdown, wani salon rubutu mai sauƙi, a juya shi zuwa roff da manhajar pandoc, ko a bar manhajar help2man ta ƙera shafin daga abin da manhajar ke fitarwa idan an ba ta --help, wato taƙaitaccen bayanin da ƙa'idojin GNU, shirin da ya samar da yawancin umarnan Linux na yau da kullum, suka buƙaci manhajojinsa su riƙa bayarwa. Idan shafin na kashi na 1 ne, ana ajiye fayil ɗinsa a /usr/share/man/man1, kuma ya kamata a riƙa sabunta shi a duk lokacin da aka sauya wani zaɓi, domin bayanin da ya saɓa wa manhaja ɓatar da mutum yake yi.

Akwai kuma batun harshe. Mafi yawan ɗalibanmu a arewacin Kamaru da Chadi da Faransanci suka yi karatu, shafukan kuwa da Turanci suke zuwa. A Debian da Ubuntu, wato nau'o'i biyu na Linux, ana iya saka kunshin manpages-fr, sai shafukan da aka fassara su riƙa fitowa idan an saita harshen na'urar a kan Faransanci. Mai son fassara shafinsa, ko zuwa Faransanci ko zuwa Hausa, zai iya amfani da po4a, wanda ke bin diddigin jimlolin da suka sauya a asalin rubutun, kuma bisa saitinsa na asali ba ya fitar da fassarar da ba ta kai kashi 80 cikin ɗari ba.