Rizobiya: takin da ke da rai a saiwar wake

Idan ka tuge gindin wake ko gyaɗa a tsakiyar damina, ka karkaɗe ƙasar a hankali, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne a jikin saiwa, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun fi haka girma. Manoma da yawa suna ɗauka cuta ce ta kama shukar. Ba cuta ba ce. Ɗakuna ne na wasu halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira rizobiya, kalmar da yanzu ta yawaita a bakin malaman gona, musamman wajen masu noman waken soya.

Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mai rayuwa a saiwa. Nau'in bakteriya ne. Da an ce bakteriya sai hankalinmu ya tafi asibiti, domin can muka saba jin sunan, alhali ƙasar gona cike take da su, kuma akasarinsu aiki suke yi mana.

Aikin rizobiya ya shafi sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Wannan sinadari ne manomi yake saya da tsada a buhun yuriya, inda yake kashi 46 cikin 100. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sai dai shuka ba ta iya cin sa a haka. Rizobiya su ne suke iyawa. Suna shiga ta siririn gashin saiwa, shukar ta gina musu ɗaki, ta riƙa ba su abincin da take haɗawa da hasken rana, su kuma su juya naitirojin na iska zuwa abin da za ta iya sha. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a bakin gona. Ka fasa ƙulli ɗaya da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, ana aiki; jan nan daga wani sinadari yake, ɗan uwan wanda ke cikin jininmu. In fari ne, ko dai bai fara ba ko ba ya aiki. In ya koma kore, ya tsufa. A kula kuma: ƙullin rizobiya a gefen saiwa yake, da ka taɓa shi zai ɓalle. Kumburin da tsutsar ƙasa ke jawowa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa, wannan shi ne cuta.

A 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya fara ware wannan halitta a ɗakin bincike. Amma kakanninmu sun daɗe suna cin moriyarta ba tare da sanin sunanta ba. Wanda ya shuka wake a tsakanin gero, da wanda ya hana a sare gawo a gonarsa, da rizobiya suke aiki. Gawo dangin wake ne, yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya bi ta Matamaye da Magariya a jihar Damagaram ya ga yadda gawo ya cika gonaki.

To me ya sa yanzu ake sayar da rizobiya a leda? Saboda kowace shuka da irin wanda take shiri da shi. Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, yawanci suna samun nasu. Waken soya baƙo ne daga gabashin Asiya, nasa bai yawaita a gonakinmu ba. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take haɗa wani baƙin gari mai ɗauke da rizobiyan waken soya, mai suna NoduMax, kuma shirin N2Africa, wanda jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya gwada irin wannan gari da manoman Nijeriya da Gana. A Birazil kuwa kusan duk waken soya ana noma shi ne ba tare da zuba naitirojin ba, har masaniyarsu Mariangela Hungria ta karɓi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025 kan wannan aiki.

Ana jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin, a cakuɗa a inuwa, a shuka a ranar. Abin da nake so a riƙe shi ne abu ne mai rai. Ledar da ta wuni a rana a kasuwa, ko ta wuce wa'adinta, gari ne kawai ka saya.

Kuma ba ya maye gurbin komai da komai. Rizobiya suna buƙatar sinadarin fosfaras, ƙasarmu kuwa tana da ƙarancinsa, don haka sai an sa takin SSP mai ɗauke da shi. Wanda ya zuba yuriya da yawa a waken soya ya yi asara biyu, domin shukar da ta ƙoshi ba ta damuwa da gina ɗakunan. Masara da dawa ba sa yin ƙullin nan. Rabonsu yana zuwa ne baɗi, in an shuka su inda aka cire wake. Wannan rabon ma yana raguwa idan muka kwashe harawa kaf muka kai gida, sai dai in takin dabbobin da suka ci ta ya dawo gonar.