Waiwaye: A ina Turancin yaranmu na Legas ya maƙale?

Tun da aka sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an janye tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022, zancen bai lafa ba a majalisun Hausawan Legas. Daga Agege zuwa Idi-Araba, wasu na cewa gara haka, a tsoma yaro cikin Turanci tun yana aji ɗaya, wasu kuma na ganin an yi wa harsunanmu yankan ƙauna. Kowa na magana kamar jiya matsalar ta faɗo.

Farkon labarin sananne ne. 'Yan mishan sun buɗe CMS Grammar School a Legas a 1859, shekara biyu kafin Ingila ta karɓe garin. A Arewa kuwa sai a 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano. Tazarar shekara 50 ke nan, kuma a kanta ake yawan jingina komai. Ni dai ban gamsu ba, domin yaron da aka yanke wa cibi a unguwar Mile 12 ta Legas bai gaji wannan tazarar a jini ba.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne tsakanin 1970 da 1977. A 1970 masana a Jami'ar Ife, a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, suka fara wani gwaji a wata firamare da ke Modakeke: a koyar da kowane darasi da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma ya tsaya a matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun fi fahimtar sauran darussa. Wannan rabin labarin shi ake ta jawowa a muhawarar yau. Ɗaya rabin shi ne, ajin gwajin na farko an ware masa malamin Turanci na musamman, wanda aka horar kan yadda ake koya wa yaro harshen da ba a yi a gidansu, da littattafan da aka tsara don wannan aikin.

Gwajin bai kammala ba sai ga shirin UPE, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, a watan Satumban 1976. Alheri ne babba, da yawa cikin iyayenmu da yayyenmu ta nan suka san boko. Amma yaran da suka fito sun wuce lissafin da aka yi, dole aka ɗebi malamai bayan horon gaggawa. A Legas ajujuwa sun yi kaɗan, ana karatun karɓa-karɓa, wasu da safe wasu da rana. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin, daga baya a koma Turanci. Wanda zai ƙetarar da yaron wannan gada ne ya yi ƙaranci. Malamin aji shi ne na lissafi, shi ne na Turanci, ɗalibansa kuma su suka zama malaman yau.

Ɗan Bahaushe a Legas nasa ya fi nauyi. Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Yarabanci a layi, buroka a kasuwa. Buroka tana ba shi kalmomi da ƙarfin hali, amma nahawunta daban ne, sai shi da iyayensa su ɗauka Turanci ya zauna.

Kwanan baya ɗan wana, ɗan aji biyar, ya kawo mini aikin gida a shago bayan la'asar. Ya karanta sakin layin tiryan-tiryan, ba gargada. Na ce, "Madalla. To me aka ce a ciki?" Ya sunkuyar da kai yana murza gefen takarda.

"Baffa, ai ba a tambayarmu ma'ana. Anti ta faɗa, mu maimaita."

Yaron nan da idona na ga ya tsare kwandastan danfo da buroka har sai da ya ba shi canjinsa cif. Na tambaye shi ko suna da malamin Turanci daban. Ya ce anti guda ce ke koya musu komai, kuma idan ya makara, a bakin taga yake tsayawa ya kwafi abin da ke kan allo.