Ya farfaɗo, sai me? Amsar tambayoyin da kuke tare ni da su

Na daɗe ina aikin jinya a wani babban asibiti a Jigawa. Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji: a baranda, a waya, a gidan suna, har a cikin motar haya ranar kasuwar Gujungu. Duk a kan abu ɗaya ne, wani naku ya yi yunƙurin kashe kansa, Allah ya yi da sauran kwana, ku kuma kun rasa inda za ku sa kanku. Ga su a rubuce. Wanda ya sake tare ni, nan zan turo shi.

Mun ɗura masa manja da madara, ya yi amai. Har yanzu sai mun je asibiti?

Sai kun je, yanzu-yanzu. Manjan nan kuma ku daina. Ba ya karya guba, kuma mutumin da hankalinsa bai cika ba in aka yi masa ɗure ko aka sa masa yatsa a maƙogwaro, aman yakan gangara cikin huhunsa, sai mu koma fama da ciwo biyu. Ku cire masa rigar da abin ya zuba, ku wanke jikin da ruwa da sabulu, ku kwantar da shi a gefensa, ku nemi mota. Ku taho da kwalbar ko ledar abin da ya sha, ko da babu komai a ciki. Sunan da ke jikinta shi zai gaya wa likita maganin da zai ba shi.

A faɗa wa likita gaskiya, ko a ce kuskure ne?

Gaskiya. Me ya sha, ƙarfe nawa. "Ya ɗauka ruwa ne" mun ji ta sau ba adadi, ba ta rufa wa kowa asiri, lokaci kawai take ci.

Ya tashi, yana magana, har ya sha kunu. Me ya sa ba za a sallame mu ba? Ga gona, ga kuɗin gado.

Na san da gona. Amma farfaɗowa daban, warkewa daban.

Yawancin magungunan ƙwari da ake feshi da su suna hana jijiyoyi hutawa ne. Shi ya sa kuka ga yawu na dalala, gumi, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya cika da majina. Allurar atrofin da muke ta yi masa ita ke busar da wannan. To akwai zagaye na biyu da ke iya zuwa tsakanin kwana 1 zuwa 4, bayan kowa ya saki jiki: wuya ya saki, mutum ya kasa ɗaga kansa daga matashi, naman da ke jan numfashi ya gaji. In hakan ta same shi a gadon asibiti, akwai iskar oksijin, akwai hanyar tura shi inda ke da injin numfashi, kamar Asibitin Malam Aminu Kano. In ta same shi a ɗakin innarsa da tsakar dare, a ƙauyen da babur ma da ƙyar yake fita da damina, ku gaya mini abin da za ku yi. Shi ya sa kuke ganin ina zuwa ina cewa "ɗaga kanka in gani". Ba wasa nake yi da shi ba.

Haka wasu ƙwayoyin kemis. Ranar farko mutum garau, sai a kwana na 2 ko na 3 hanta ta nuna an taɓa ta. Wasu abubuwan ƙoda suke bi, wasu jini suke hanawa daskarewa. Gwajin jinin da kuke cewa cin kuɗi ne, abin da yake nema ke nan.

'Yan sanda za su kama shi?

Ga yadda abin yake. A dokar Penal Code ta Arewa, sashe na 231, yunƙurin kashe kai laifi ne da hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara 1, ko biyan tara, ko duka biyun. Doka ce tun ta zamanin Turawa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna neman a soke ta. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma wajabta mana riƙe sirrin mara lafiya. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Mu aikinmu magani. Kada tsoron ɗan sanda ya sa ku ɓoye mutum a ɗaki yana shure-shure.

Ba aljanu ba ne? Ko sammu?

A yi addu'a, a yi ruƙiyya, ban hana ba. Amma a kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Mari da bulala da hayaƙi kuwa, a'a.

Ai barazana ce kawai, so take a kula ta.

To a kula ta mana! Wanda sai da ya kai kansa bakin kabari kafin a saurare shi, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Kuma gubar ba ta tambayar niyya.

An sallame ta. Ta koma ɗakin mijinta ko ta zauna a gida?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa a tsaye, don amsarta ba ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya ba ku amsa nan take bai saurari labarin ba.

Abin da na tabbatar shi ne makonnin farko bayan sallama, har zuwa wata 3, su ne lokacin da aka fi tsoron a sake. Daidai lokacin ne kuma 'yan dubiya suke ɗaukewa, kowa ya koma harkarsa, a bar ta da kunya da bashin asibiti da abin da ya kai ta tun farko. Saboda haka ba "ina ya dace ta zauna" nake tambaya ba. Ina za a samu mutum ɗaya da zai kwana kusa da ita, wanda take iya gaya wa gaskiya, wanda ba zai yi mata gori ba?

In abin da ya kai ta yana cikin gidan mijin, duka ne, ko auren da ba ta so, ko wulakancin da ya ƙi ƙarewa, to mayar da ita da sunan "ki yi haƙuri" mayar da ita ne cikin wutar da aka ciro ta. A nan ina cewa ta zauna gida tukuna, manya su zauna, in ta kama a sa liman ko mai unguwa ko Hisba, a warware maganar kafin a yi zancen biko. Baba, na san ana jin nauyin surukai. Nauyin makara ya fi.

Amma kada ku ɗauka gidan iyaye kullum shi ne mafaka. Na ga wadda aka mayar gida, ta tarar da matar uba da 'yan uba suna yi mata kallon wadda ta jawo abin kunya, ana ɗauke kwano in ta zo. Na kuma ga wadda mijinta ne ya goyo ta a babur cikin dare, ya kwana huɗu a kan tabarma a baranda, ya sayar da akuyarsa ya sayi allura. Ita ciwon damuwa ne ya kama ta bayan haihuwa, babu ruwan miji. Irin wannan raba ta da mijinta da jaririnta na iya ƙara mata jin cewa ba ta da amfani. Sai dai a kawo mata ƙanwa ko gwaggo ta zauna da ita, a ɗauke mata girki da ɗiban ruwa na ɗan lokaci, a bar ta ta yi barci.

Wani lokacin kuma ba nan ba can ne, gidan yayarta ne a wani gari, inda ba a san labarin ba. Wannan ma yana da nasa: in ya yi nisa da asibitin da take karɓar magani, za a yi fashin zuwa, kuma wanda bai san abin da ya faru ba ba zai san abin da zai lura da shi ba. Dole mutum ɗaya a gidan ya sani.

Sannan a tambaye ta. Ita kaɗai, ba a gaban mijin ba, ba a gaban babanta ba. Sau da yawa ana zaman mutum goma a kan makomar yarinya tana ɗaki, ba wanda ya leƙa ya ce "ke ina kike so?" Amsarta ba lallai ta zama hukunci ba, don wanda ke cikin damuwa mai tsanani yakan zaɓi kaɗaici, kuma kaɗaici ne ba ma so. Amma a ji ta. Kuma duk abin da aka yanke, a ɗauke shi na mako 2 ne, a sake dubawa. In ta daina cin abinci, ta daina barci, ta fara rabar da kayanta ko neman yafiya ba dalili, ko ta yi wani irin sanyi kwatsam bayan kwanaki tana kuka, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A dawo da ita ranar.

Namiji ma haka, sai dai nasa yawanci bashi ne, ko gonar da ambaliya ta cinye, ko ƙwaya, kuma shi ba a ma tambayar inda zai zauna, sai a bar shi shi kaɗai a shago.

In na tambaye shi ko har yanzu yana tunanin, ba tuna masa na yi ba?

A'a. An bincika wannan, tambaya ba ta dasa tunanin. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ka yi shiru ka ji. Ban da wa'azi a ranar, ban da "ka ba mu kunya".

Mu manoma ne. Ya za a yi gida ya zauna babu maganin feshi?

Wa ya ce ku daina noma? Cewa na yi kada ya kwana a ƙarƙashin gado ko a saman katanga. Akwati da kwaɗo, makulli a aljihun mutum ɗaya, in da hali ma a gidan wani. A sayi daidai na feshin ranar, ragowar kada ta dawo gida, kuma a daina juye shi a robar lemo.

Kuna raina wannan, alhali nisanta guba daga hannun mutum yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya ta maganin ƙwari ne, yawanci a karkara irin tamu. Sri Lanka, ƙasar manoma ce, ta hana sayar da mafi haɗarin cikinsu, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai tsaya ba. Dalili shi ne yawancin yunƙurin na ɗan lokaci ne, zuciya ta hau bayan faɗa ko mummunan labari. In abin bai kusa, kafin a nemo shi zuciyar ta sauka. Magungunan gida ma a haɗa a kulle, har da na hawan jinin kaka.

Maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta, ba zai mayar da shi ɗan ƙwaya ba?

Ba ya bugarwa. Yana ɗaukar mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ga aikinsa, don haka kada ku zo mini bayan kwana biyar kuna cewa bai karɓe shi ba. In ya ji sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6, kuma likita ne zai rage, ba kawu ba. Wani ya riƙe maganin ya riƙa ba shi na kullum. Akwai asibitin Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, na faɗa na sake faɗa.

Bayan mako uku ƙafafunsa sun fara mutuwa, yana jan ƙafa. Shanyewar jiki ce?

Ba irin ta hawan jini ba ce. Wasu magungunan ƙwarin suna taɓa jijiyoyin ƙafa a makare, mako 1 zuwa 3 bayan an sha. A dawo da shi a duba, a haɗa shi da masu gashin ƙashi na asibiti. Da yawa suna samun sauƙi a hankali cikin watanni, wasu yakan bar musu saura. Wanda kuma ya sha abu mai ƙuna, in bayan makonni tuwo ya fara tsaya masa a wuya, maƙoshi ne ke tsukewa. Shi ma a dawo da shi tun yana iya haɗiye koko.

Ni ce na yi. Ina jin kunyar fita ko ƙofar gida. Zan koma daidai kuwa?

Ƙanwata, za ki iya. Cikin mutum 10 da suka tsira daga irin wannan, kusan 9 ba ta wannan hanyar suke barin duniya ba, suna ci gaba da rayuwarsu. Ina haɗuwa da waɗanda na yi jinya a layin awo da goyonsu, mu gaisa, ba mai tayar da zancen.

Maganar Allah kuwa, ni ba malama ba ce, amma na san aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna daga rahamarsa, kuma da masu rai take magana. Gulmar gari ta kwana kaɗan ce, wani labarin zai zo ya ture naki.

Abin da nake so ki yi yau: ki zaɓi mutum biyu da za ki gaya wa in tunanin ya dawo, don yakan dawo, musamman da dare. Ki gaya musu tun yanzu cewa kin zaɓe su. In ya zo, kada ki zauna ke kaɗai ki yi kokawa da shi, ki tashi wani ko ƙarfe nawa ne, a kawo ki asibiti mafi kusa. Ranar da aka rubuta miki a kati kuma ki zo, ko kina jin garau. Ki taho da katin da ragowar maganin, ina son in ƙirga.