Ƙwayar magani ta faɗi ƙasa? Ku riga kaza ganinta

Kaza ba ta tambaya kafin ta ci. Duk wani ɗan ƙaramin abu mai launi da ya faɗo yana gangarawa, a wurinta tsaba ce. Ran nan ina duba kajin wata dattijuwa da ke kiwo a bayan gida, sai ta ɓallo ƙwayar maganin hawan jininta. Hannu ya ɗan yi rawa, ƙwayar ta suɓuce ta yi tsalle sau biyu. Kafin ta sunkuya wata jar kaza ta miƙa wuya, caf! Dattijuwar ta yi dariya ta ce, "Malam, ƙwaya ɗaya tal, me za ta yi mata?"

To, mu yi lissafi. Ƙwayar nan an auna ta ne don mutum mai nauyin kilo 60 ko 70. Kaza kuwa da ƙyar take haura kilo 2. Idan ta haɗiye farasitamol ɗaya mai miligiram 500, kamar babban mutum ne ya watsa guda 30 a baki lokaci ɗaya. Sannan akwai ƙwayoyin da aka yi su don su riƙa narkewa sannu a hankali cikin yini. Ƙundun kaza ba ruwansa da wannan tsari, aikinsa niƙa ne da tsakuwa, sai ya murƙushe ƙwayar, maganin ya fito gaba ɗaya.

Jikin tsuntsu ma ba irin namu ba ne. A shekarun 1990 ungulaye suka yi ta mutuwa a Indiya da Pakistan da Nepal, har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalili: diklofenak, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa. Ungulu ta ci mushen saniyar, ƙodarta ta lalace. A 2006 ƙasashen uku suka hana amfani da shi ga dabbobi. Kaza ta fi ungulu jurewa, amma diklofenak da danginsa irin su ibuprofen ƙodarta suke fara taɓawa ita ma.

Idan abin ya faru, a kama kazar a ware ta a wuri mai inuwa, a ajiye mata ruwa mai tsabta ta sha da kanta. A ɗauki kwalin maganin, a lura da suna da ƙarfinsa da lokacin da ta haɗiya, a kira likitan dabbobi nan take. Abinci yakan fara tsayawa a 'yar jakar da ke ƙasan wuyan kaza, kuma idan an hanzarta likita na iya wanke ta kafin maganin ya wuce ciki. Bayan 'yan sa'o'i wannan dama ta tafi.

Don Allah kada a juya ta kai ƙasa ana matsa wuya wai ta amayar, kada kuma a ɗura mata mai ko ruwan gishiri. Ƙofar numfashinta tana nan daf da tushen harshe, ruwa kaɗan ya kauce sai huhu. Gishiri kuwa shi kansa guba ne gare ta idan ya yi yawa. Gawayin da likita ke bayarwa don ya tsotse guba a ciki na musamman ne, ba na murhu ba.

Wani lokaci ba a ga sa'ad da ta ci ba, sai dai a ga tana layi, fukafukai a sake, baki buɗe tana haki, ga zawo, zanko ya sauya launi. Kaza ɗaya ce ta yi haka kwatsam, a duba inda take tono. Idan kuwa da yawa ne suka kwanta tare, a fara tunanin annoba irin murar tsuntsaye, a sanar da jami'an lafiyar dabbobi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwai. Jar kazar nan ta yini tana gyangyaɗi, washegari ta miƙe, har ta saka ƙwai. Mai ita ta ce shi ke nan, ta warke. Ita ta warke, amma ƙwaiduwa takan ɗauki kusan kwana 10 tana girma a cikin kaza kafin ta zama ƙwai, kuma abin da ke cikin jini a kwanakin nan yana iya shiga cikinta. Magungunan da aka yi wa kaji rajista suna zuwa da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai. Na mutane ba su da wannan, don haka likita ne zai faɗi tsawon jiran. Kafin nan ba ci, ba sayarwa, ba kyauta. A binne ƙwan.

Nan ne nake da ƙorafi kan masu buɗe kafso da gangan su zuba a ruwan kaji. Kuloramfenikol da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, Amurka da Tarayyar Turai sun haramta ba da su ga dabbar da za a ci, saboda ragowarsu a nama ko ƙwai na iya cutar da mai ci. Ga kuma ƙwayoyin cuta da ke sabawa da maganin, ranar da yaro ya buƙace shi ya ƙi yi masa aiki.

Hausawa na cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta, amma sau da yawa mu muke binne mata wuƙar. Maganin da ya ƙare aiki ba a jefa shi a juji. A mayar wa mai kantin magani idan yana karɓa, ko a ƙulle shi tam a kai inda kaza da yaro ba sa isa. Mai shan magani kullum ya riƙa ɓallo shi a ɗaki, a kan faranti. Idan ɗaya ta faɗi, a rufe ƙofa a nemo ta tukuna.